Kukan Famfon Sitiyari Ya Kai Ni Magazin Ɗin Suame

Mun bar Tamale bayan sallar asuba, ni da maiɗakina da ɗanmu na biyu, da buhun albasa takwas a baya an lulluɓe su da raga. Motar tsohuwar Hilux ce mai gida biyu, mai shan gas, ƙirar shekarun 1990, wadda na gada a hannun kawuna da ya kawo ni Ghana daga Madawa tun ban san ciwon kaina ba. Ta girmi yaron da ke zaune a kujerar baya nesa ba kusa ba. Albasar tawa ce, amma tafiyar ta Hajiya ce: auren babbar 'yarmu ya matso, kuɗin kayan ɗaki na ƙulle a jakarta, za ta shiga Kejetia ta yi sayayya, ni kuma in juyo da goro.

Kwana uku kafin tafiyar na canza wa motar famfon sitiyari. Tsohon ya daɗe yana kuka kamar ɗan akuyar da aka raba da uwarsa, yana kuma yoyon mai. Wani bakanike a unguwarmu ya samo mini na gwanjo, irin wanda 'yan Najeriya ke kira Beljiyam, ya ɗaura shi cikin awa guda, ya cika tankin da mai, muka zaga unguwa sau ɗaya, sitiyari laushi kamar man shanu. Na biya, na yi masa godiya. Tsohon famfon na jefa shi ƙarƙashin kujerar baya, ba don wata dabara ba, rowa ce kawai irin ta wanda ba ya son yar da ƙarfe.

Daga Tamale zuwa Kumasi tafiyar kilomita kusan 380 ce. Wanda ya saba bin hanyar ya san yadda ƙasa ke canza riga a gabansa: ka bar kaɗanya da ɗorawa da busasshiyar ciyawar watan Maris, ka haye Farin Volta a Yapei, ka haye Baƙin Volta a Buipe inda mata ke rugowa da soyayyen kifi a kan faranti, sannan a hankali itatuwa su fara tsawo suna matsowa bakin titi. Tun kafin Yapei na fara jin wani ɗan zuuu a ƙarƙashin bonet, yana tashi idan na taka totur, yana ƙaruwa idan na murɗa sitiyari. Na ƙara muryar rediyo. Hajiya ta ce, “Malam, ba wannan kukan aka ce an yi maganinsa ba?” Na ce sabon famfo ne, yana zama ne.

A Buipe na tsaya na buɗe bonet. Man da ke cikin ɗan tankin ya zama kumfa, ruwan ƙasa-ƙasa, kamar an kaɗa koko, har ya tofo ta bakin murfi ya jiƙa gefen injin. Na ɗauka mai ne ya ragu. Abin da ke hannuna a lokacin kwalbar man birki ce, na kuma kusa tuttula ta, don a ganina mai ai mai ne. Yaron nan ne ya riƙe mini hannu, ya ce, “Baba, dubi abin da aka rubuta a murfin.” An rubuta Dexron, wato jan man nan na giyar otomatik da masu shago ke kira ATF. Muka nemo shi a gidan mai, na ƙara. Sai daga baya na san irin ramin da na tsallake, zan zo kansa.

Abin da ya tsinka mini zuciya ya faru ne bayan mun wuce Kintampo. Hanyar nan ba ta da mutunci, duk direba ya sani. A watan Maris na 2019 motocin safa biyu suka yi taho-mu-gama a wannan yanki, sama da mutum 50 suka rasu. Ina cikin wata kwana a gangare, ga tirela ta taso ta ci rabin hannuna, na murɗa don in kauce sai sitiyari ya ƙage kamar an zuba masa siminti, na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya sake ni gaba ɗaya. Motar ta yi tangal-tangal da kayanta. Hajiya salati kawai take yi. Sitiyari mai nauyi tun asali ba shi ne abin tsoro ba, mun tuƙa motocin da ba su da famfo ko kaɗan, hannu ya saba. Abin tsoro shi ne wanda zai yi laushi yanzu, ya ƙage an jima, ba ka san da wanne za ka haɗu a kwana ta gaba ba. Daga nan har Taciman, har Offinso, tafiyar hawainiya na yi, muka shiga Kumasi bayan la'asar.

Mun sauka a Aboabo, gidan dattijon da kawuna ke sauka tun zamanin da goro ke da goro. Wanda bai san zangon Kumasi ba zai yi mamakin yadda zai kwana ya tashi bai buƙaci wani harshe ban da Hausa ba, ko da yake Hausar tasu ta ajiye “ta” da “tana” a gefe, komai namiji ne, mace ma “ya zo” ake ce mata. Albasa ta shiga hannun dillali a daren. Bayan isha'i na zauna da Hajiya na fara kewaye-kewaye, ta gane inda na dosa tun kafin in isa. Lissafina shi ne famfon da aka sa mini mataccen ne, dole in sayi wani, kuɗin albasa kuma ba za su fito ba sai an sayar, ga goro na jira. Ta ce, “Kuɗin yarinyar nan kake nufi ke nan.” Ban ce komai ba. Ta ƙirgo kimanin kuɗin buhu biyu na albasa ta ajiye a kan tabarma, ta juya baya ta kwanta. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Da safe maigidanmu ya ji labari a wurin shan koko da ƙosai. Ya ce, “Ɗana, kada ka sayi komai tukuna. Tafi Magazin, ka nemi mai gyara kafin ka nemi mai sayarwa.” Ya haɗa ni da jikansa ya raka ni.

Na sha wuce Suame, domin duk mai shigowa Kumasi daga arewa ta nan yake biyowa, amma ban taɓa kutsawa cikin Magazin ba. Daga titi shaguna kawai kake gani. Sai ka karya ka shiga lungu sannan za ka gane gari ne sukutum wanda aka gina da gawar motoci. Ƙasar wurin baƙa ƙirin ce saboda baƙin man shekara da shekaru da ta sha. Nan an jera injuna a ƙasa kamar tulin doya a kasuwar Taciman, can ƙofofin mota ɗaruruwa a jingine, gaba kaɗan gatari da sifirin da giyabos. Ƙarar guduma ba ta tsayawa, wutar walda na walƙiya ta ko'ina, rediyon wa'azin coci na karo da karatun Alƙur'ani daga rumfar da ke kusa. Yara 'yan koyo, tufafinsu sun rine da mai har ba ka gane asalin launinsu, suna gudu da sifana a hannu, kowa na amsa kiran “Masta”.

Sunan ma yana da tarihi. Tun a shekarun 1930 masu gyara suka fara taruwa kusa da ma'ajiyar makaman sojan Turawan mulkin mallaka, wadda a Turance ake kira magazin. Da aka tashe su zuwa Suame a farkon shekarun 1960 sai sunan ya biyo su. Alƙaluman da aka fi ambata sun ce mutum kusan 200,000 ke cin abinci a wurin, kuma yana cikin manyan matattarar masu sana'ar ƙarfe da gyaran mota a Afirka. Ba gyara kaɗai ake yi ba. Akwai masu narka ƙarfe su zuba faifan injin niƙa, akwai masu ƙera bodin tirela da tankar mai tun daga tushe, akwai masu injin feƙe ƙarfe da za su fitar maka da noti ko ƙusar da kamfanin motar ya daina yi shekara 20 da suka wuce. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ma ta buɗe wata cibiya a cikinsa wajen 1980 don kawo wa masu sana'ar injuna da horo. Na ga motoci masu lambar Burkina, na ga masu lambar Mali, na ga ta Nijar guda an kwance mata ciki.

Duk da gargaɗin maigida, ƙafata sai da ta kai ni layin masu kayan gyara, don ido ba ya jin magana. Famfunan sitiyari ne rataye a igiya kamar kilishi. Mai shagon ya ɗauko guda ya juya fulin da yatsa, ya ce wannan daga jirgi ya sauka, ko a Japan bai yi wata shida ba. Na sa hannu a aljihu. Jikan maigida ya ja rigata.

Mastan da ya kai ni wurinsa tsoho ne Ba'asante, gajere, da tabarau ɗaure da zare, ya yi ƙuruciyarsa a zango don haka Hausa a bakinsa kamar ruwa. Na fara zuba masa bayani cewa an cuce ni da mataccen famfo. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Alaji, motan ka ya kashe famfo ɗaya. Ka ba shi na biyu yana ci. In ka ba shi na uku ma zai ci. Bari mu ga me yake kashe su.”

Abin da ya yi daga nan shi ne dalilin wannan rubutu, don haka zan bi shi daki-daki, ko wani ɗan uwa zai tsira da kuɗinsa.

Bai fara da famfo ba sam. Ya zaga ya duba iskar tayoyin gaba, domin taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin kaya tana sa sitiyari nauyi ko da komai lafiya yake. Sannan ya sa yara suka ɗaga gaban motar a jak, tayoyi biyu suna lilo, inji a kashe, ya ce in juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ya tafi sumul, babu inda ya cije. Ya ce to, boljoyin da tayarod da akwatin sitiyarin ba su kama ba. Da a nan cutar take, da ko inji a kashe za ka ji ta. Ya danna bel ɗin da babban yatsa, ya ga bai lotsa fiye da kimanin santimita ɗaya ba, ya leƙa cikinsa ko ya yi santsi yana ƙyalli. Bel mai zamewa ƙara yake yi ƙiii, musamman in an murɗe sitiyari ƙarshe, ba zuuu irin nawa ba. Ya karɓi tsohon famfon da na jefa ƙarƙashin kujera ya gwada faɗin fulinsa da na sabon, ya ga ɗaya ne. Nan na ji daɗin rowata.

Sai ya zo kan mai. Ya ɗiga shi a farar takarda ya kai rana, ya kira ni. Wasu ƙananan abubuwa ne ke ƙyalƙyali a ciki kamar garin azurfa. Ya ce wannan naman tsohon famfonka ne, wanda ya sa maka sabo bai wanke hanya ba, ya bar shi yana yawo. Ya sa aka tayar da inji, muka leƙa tanki: cikin minti ɗaya kumfa ta taso. Aka kashe, man ya kumbura ya hau sama. Ya ce iska ce. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake iya tura ƙarfe, amma iska tana matsuwa. Duk lokacin da famfo ya haɗiyi kumfa maimakon mai, hannunka zai ji sitiyari ya ƙage, in mai ya dawo ya sake. Abin da ya same ni a kwanar Kintampo ke nan.

Na ce to ta ina iska ke shiga, alhali ban ga yoyo ba? Ya yi dariya. Tiyo uku ne a wurin: mai kauri na matsi da ke fita daga famfo zuwa akwatin sitiyari, na dawowa da ke mayar da mai tanki, da gajeren da ke saukar da mai daga tanki zuwa bakin famfo. Wannan na ukun tsotsa ake yi ta cikinsa, don haka in ya sami kafa ba ya zubar da mai waje, iska yake ja ciki. Ya kama nawa ya ce in taɓa. Ya bushe ya yi tauri kamar ƙahon sa, kilif ɗin na riƙe da shi amma ba ya matse komai, yana juyawa a hannu. Wataƙila tun daga kamfani ba a taɓa canza shi ba. A gindin bututun da yake shiga kuma akwai wata 'yar roba mai kamar zobe, ta baje ta tsage.

Tsugune ba ta ƙare ba. Ya kwance tankin ya juye shi, ya haska ciki da tocila. Ashe a gindinsa akwai rariya mai laushi, ni da na yi shekaru da motar ban san da ita ba. Ta toshe da baƙin dauɗa kamar kwalta, sai ɗan gefe kaɗan ke wuce mai. Famfo na ja, mai ba ya isowa, sai ya ƙara zuƙar iska ta tsagar tiyo. Don in gani da idona ya fasa tsohon famfon ya nuna mini zoben ƙarfen da fukafukan ke gogawa a ciki: ya yi gargada kamar hanyar da ba a taɓa zuba wa kwalta ba. Ya ce yunwa ce ta kashe shi, ba tsufa ba.

A nan na ba shi labarin man birkin Buipe. Ya cire tabarau ya dube ni, ya dubi ɗana. Ya ce man birki da jan mai ba dangi ba ne. Robobin da ke cikin famfo da akwatin sitiyari an yi su ne don jan mai, in man birki ya taɓa su sai su kumbura su lalace, daga nan ba famfo kaɗai za ka saya ba har da akwatin. Ya ce wa yaron, “Kai ne ka gyara motan nan, ni ƙarasawa nake.” Yaron bai sake sauka ƙasa ba har yamma.

An wanke tankin da kananzir sau uku aka busar da iskar kwamfaresa. Ɗan koyo ya ruga ya yanko sabon tiyo mai jure mai, ba na ruwan lagireto ba, don Masta ya ce na ruwa narkewa yake yi a hankali ya sake toshe rariyar. Aka sa sabon zobe da sababbin kilif. Wajen wanke hanya, ya zare tiyon dawowa ya cusa shi a gorar roba, ya toshe bakinsa na tanki, inji a kashe, ni ina juya sitiyari dama da hagu, shi yana ƙara sabon mai don kada tanki ya ƙafe, har abin da ke fita a gora ya tashi daga baƙi ya koma ja garau. Ya ci kusan lita biyu. Aka mayar da tiyo, na ci gaba da juyawa ƙarshe zuwa ƙarshe sau 20 ko fiye, a hankali, har ƙwayoyin iska suka daina tasowa. Sannan ne kawai ya yarda a tayar da inji. Ya ce yawancin masu sa famfo a nan suke gaggawa: su tayar da inji da iska a ciki, famfo ya daka ta ta zama kumfa, sabon famfo ya fara rayuwarsa da rauni.

Kukan ya ɗauke. Na fara murna, aka sauke jak, na murɗa sitiyari a tsaye sai na ji shi da nauyi har yanzu. In na ɗan taka totur ya yi sauƙi, in na saki ya koma. Gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, famfon ya riga ya mutu, kuɗin Hajiya sun tafi. Masta bai ce uffan ba. Ya shiga rumfa ya fito da wani agogon awon matsi da ya haɗa da kansa, da ɗan famfon rufewa a jiki, ya ɗaura shi a tiyon matsi. Irin wannan famfo, in lafiyarsa ƙalau, matsin da yake bayarwa ya ninka na iskar taya sama da sau 20. Ya rufe na ɗan lokaci, bai kai daƙiƙa 10 ba, domin fiye da haka mai zai yi zafi famfo ya wahala, dalilin da ya sa ma ba a son direba ya danne sitiyari a ƙarshe ya riƙe. Allurar ba ta hau yadda yake so ba. Ya kwance babban notin da tiyon matsi ke ɗaurawa a kai, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai kamar harsashi da sifirin a bayansa. Wannan shi ke daidaita yawan man da ke tafiya, ya mayar da rarar baya. Wani ɗan ɓarɓashin ƙarfe, bai kai ƙwayar gero ba, ya maƙale shi a buɗe, mai yana zagayawa cikin famfo maimakon ya tafi aiki. Ya wanke shi, ya goge, ya gwada ya ga yana zamewa da kansa a raminsa, ya mayar. Allura ta haura. Na juya sitiyari da yatsa biyu, mota a tsaye.

Bai ɓoye mini ba cewa kilomita 380 na shan kumfa sun rage wa famfon kwana. Ya ce in sake canza man bayan wata ɗaya, in riƙa leƙa tanki da safe kafin in tayar da kuma bayan na tayar, in na ga kumfa kada in ƙara muryar rediyo. Ɗana ne ya tona mini wannan asirin.

Duk abin da na kashe, da tiyo da zobe da mai da ladan Masta da na waken da na saya wa yaransa a wurin mai wake da shinkafa ta bakin lungu, bai kai kuɗin rabin buhun albasa ba. Mun fito Magazin ana kiran la'asar, hannuna baƙi, rigata ta tashi daga aiki. A Aboabo na tarar da Hajiya ta dawo daga Kejetia da rabin sayayya, ta bar tukwane da labule saboda kuɗin da ta ba ni. Na ajiye mata su a kan tabarmar, daidai inda ta ajiye mini, na ce ta ƙirga. Ta ƙirga kuwa, har sau biyu, sannan ta tambayi ko motar za ta iya ɗaukar katifa a kan huhunan goro.

Washegari ta koma kasuwa, ni na tafi wurin goro. Ranar da muka juyo, da muka zo shataletalen Suame na zaga shi da hannu ɗaya ina kasa kunne. Ba na jin komai sai ƙarar gas da katifa tana kaɗawa a sama. Tsohon famfon da aka fasa yana ƙarƙashin kujera a cikin leda. Yaron ya ce zai kai makaranta ya nuna wa malaminsu.